Watan da Layin Nenita Ya Yi Tsalle

Shekara tara Nenita Gallenero tana jiran bizar aiki ta Amurka. Nas ce a wani asibiti a birnin Iloilo, wani gidan kula da tsofaffi a can Amurka ne ya nema mata. Duk wata ake sanar da inda layi ya kai. Wani watan ya matsa da sati biyu, wani watan ko gezau. Ba ta kanta take yi ba, ta 'yarta Marilou ce. Muddin yarinyar ta cika ashirin da ɗaya kafin layi ya iso kansu, za a cire sunanta daga takardun uwar. Saura wata bakwai.

Ana haka tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Ƙaninta Efren injiniya ne, shi ma yana layi, kamfanin da ya nema masa ya janye. Ran Lahadi ya zo gidanta, ya yi ta juya cokali cikin shinkafa da busasshen kifi.

"Yaya, ki fara ba zuciyarki haƙuri. Naki ma yana tafe."

Sati uku bayan nan, tana cikin sa wa wani tsoho ƙarin ruwa, abokiyar aikinta Perla ta leƙo da waya a hannu.

"Ke, in kin gama zo ki gani. Layi ya yi tsallen shekara biyu."

"Perla, bana son wasa, ko karyawa ban yi ba."

"Sai na rantse? Masu janyewa sun yi yawa, gurbi ya samu."

Nenita ta duba. Ranar da aka shigar da takardunta na cikin waɗanda layi ya kai. Maimakon murna sai ta shiga tunani: in su ma masu gidan tsofaffin sun fasa fa? Ta aika musu saƙo, ta wuni ba ta san me ta ci ba. Washegari amsa ta zo, layi biyu: tsofaffi suna nan, nas ta yi musu ƙaranci, ta hanzarta.

A Manila aka ba su biza su biyu, saura sati biyar Marilou ta cika shekarun. Da suka fito daga ofishin jakadancin Amurka, Nenita ta zauna a bakin titi. Ta daɗe kafin ta iya kiran Efren.

Da ta faɗa masa, ya yi 'yar dariya. "Ashe gurbina kika cinye."

"Efren..."

"Bari, Yaya. Gara da ya faɗo gida. Ba ni Marilou in tsokane ta."