Numfashin da Aka Yanke

Ni kafinta ne, kuma abin wani ba ya kwana a gidana ba da sanin mai shi ba. Da na gane busar sarewar da jikata take ta kwaikwayo a bayan shagona kyauta ta sauko da ita daga intanet, cewa na yi ta goge. Ta ce malaminsu na kiɗa ya ce doka takan sassauta wa wanda ya ɗauka don koyo kawai, kuma da busar nan za ta shiga jarrabawa. Na ce ai ba malamin ya busa ba. Kayan aro ma ba ya rufe katara, balle wanda ba a ara ba. Ko mai abu ya yarda, ko a goge.

Muka nemo mai busar. Tsoho ne tukuf, ya girme ni, ɗakinsa a saman shagon faci, fankarsa ɗaure da igiya. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya yi dariya har da tari.

"Malam kafinta, duk masu kwasar busata, kai kaɗai ka hawo matakalar nan. Ko gwiwar banza gare ka?"

Ya ce haƙƙin mallakar faifan busar yana hannunsa tun da kamfanin da ya buga shi ya rufe, amma ba zai ce komai ba sai ya ji abin da aka yi da kayansa.

Yarinyar ta ciro sarewa. Akwai wata gaɓa da busar ke hawa, ta yi ta lanƙwasa kamar ba za ta sauka ba. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, amma ba ta tsaya ba har ta dire. Tsohon ya bar dariya. Ya tambaye ta inda ta ja numfashi. Ta ce ba ta ja ba, tunda shi ma bai ja ba a faifan. Wurin ne ma ya cinye mata watanni.

Sai tsohon ya faɗa mana gaskiya. Ashe guntu-guntu ya busa gaɓar, mai haɗa sauti ya yanke numfashin ya liƙe, yadda nake haɗa katako ba a ganin baki.

"'Yata, ban taɓa busa wurin nan da numfashi ɗaya ba. Ban san ƙirjin ɗan Adam zai iya ba."

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ranar na ga ya kai yarinya inda mai sani bai taka ba. Duk da haka na tambaya: a goge ko a bari?

Ko kallona bai yi ba. Ya ce ta riƙe, kada dai ta sayar ko ta raba wa jama'a. Ya ce ta sake busawa, sannan ya ɗora tafinsa a bayanta, wai yana so ya ji inda iskar ke fitowa.