Rinin Baba Direba

"Rage wutar, 'yata, kada ya tafasa," in ji Baba Direba daga kan kujerarsa.

Ina tsugune gaban tukunya a tsakar gidansu, ina juya ƙyallaye da sanda. Ruwan ya yi rawaya shar, tururi na ta tashi a hankali.

Katanga ce kawai ta raba mu. Ni tela ce, shi kuwa babbar mota ya tuƙa har ciwon zuciya ya zaunar da shi. A bakin wata hanya ya tsinto irin furen da muke rinin da shi, wurin da ko ciyawa ta ƙi fitowa. Bana ya barbaɗa shi cikin tsofaffin tayoyi da ya cika da yashi.

"Kada ki shagwaɓa shi da ruwa," yakan ce mini. "Ƙishi ke sa shi fure."

Ya kuwa yi fure. Muka tsinke, muka shanya a inuwa, wani na shayi, wani na rini.

Inna, matarsa, yanar ido ta rufe mata gani. Komai ya zama mata hayaƙi, rawaya kaɗai ke ratsowa. Shi ke yi mata jagora, ga shi likita ya riga ya gaya masa gaskiya cewa zuciyarsa ba za ta daɗe ba.

"Wai wannan wahalar duk ta mece ce, Malam?" ta tambaya.

"Alamun hanya nake kafa miki, Tsohuwa. Ba na sauke fasinja a daji."

"Ji shi! Sau nawa ka ɓatar da mu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Duk da haka bai yarda na matse ƙyallayen ba, da hannunsa ya yi. Waɗanda suka bushe ya bi gida yana dafa bango yana ɗaurawa: mariƙin ƙofa, kan famfo, bakin matakala, wuyan kwalbar maganinta. Ya sa ta bi su ita kaɗai. Ta isa famfo, ta dawo, ba ta yi tuntuɓe ba.

Da la'asar na kawo masa shayin. Ya kurɓa kaɗan, ya lumshe ido.

"Hanyar nan nake gani," ya ce. "Fure dama da hagu, ba mota ko ɗaya."

"To, tafi a hankali," in ji Inna.

Na je ɗebo sauran shanya. Da na juyo, kofin ya karkace a cinyarsa, shayi na ɗiga ƙasa. Na kira shi, na sake kira.

"Inna..." na ce.

"Na ji, 'yata. Na ji lokacin da ya yi shiru."

Ta lalubo hannunsa, ta ɗaga shi dab da fuskarta. Rini ya kama yatsun har ƙarƙashin farce.

"Wannan ma ina gani," ta ce.

Ba ta sauke hannun ba har inuwar katanga ta rufe su.