Rabon Kifi a Ajin Malama Fetuao

Shekara talatin da ɗaya Malama Fetuao ta yi tana koyarwa a ƙauyensu a tsibirin Savai'i, ba a taɓa jin hayaniya daga ajinta ba. Yanzu kuma wai shirun ne laifi.

Ofishin horar da malamai na birni ya raba wa kowane malami kwamfutar hannu. Aka ce duk mai son a sabunta masa takardar koyarwa sai ya ɗauki bidiyon darasinsa ya tura, minti ashirin, yana cika na'urar za ta yanke da kanta. Wanda bai ci ba zuwa Juma'a, a karɓe ajinsa a ba wani. Mai duba bidiyon kuwa Siniva ce, yarinyar da Fetuao ta sha share wa majina a aji ɗaya.

Ran Litinin ta hau matakalar coci, inda kaɗai ake samun sabis, ta tura na farko. Ba a jima ba Siniva ta kira.

"Mama, darasi ya yi kyau. Sai dai yaran ba su yi tambaya ko ɗaya ba."

"Me za su tambaya? Ai na gaya musu komai."

"So ake a ga suna musu, suna cewa me ya sa."

"Musu da wa? Da ni? Ke da kika zauna a ajina, kin taɓa ce min me ya sa?"

"Ina! Ai da na sha rula."

"To ba ga ki a ofis ba?"

"Mama, ki yi haƙuri ki sake. Gurbi ne a takardar maki a gabana, in ban ga tambaya ba ba ni da abin cikewa."

Kuskuren Fetuao ɗaya, da ta koma gida ta faɗa wa mijinta. Sauvao shi ne mai magana da yawun sarkin ƙauyen, mutumin da ko gaisuwar safe sai ya yi mata shimfiɗa.

Ya ce, "Tsaya. Ke nan mutanen birni ta cikin abin nan suke shigowa ajinki?"

"Kallo kawai suke yi, tsoho."

"Sun shigo ƙauyenmu ba wanda ya tarbe su? Shi ya sa suka kayar da ke. Ni ma da ni ne sai na kayar da ke."

Ran Talata tana danna na'urar sai ga dattawa da tabarmi da kaskon ruwan ava na tarbar baƙi. Matar fasto ta rataya wa kwamfutar sarƙar furanni, ta rufe rabin idon kyamara. Sauvao ya dogara da sandarsa, ya kaɗa izgarsa ta zaren kwakwa, ya fara jero kakannin ƙauye. Minti ashirin ya cika bai iso kan kakansa ba. Ba wanda ya isa ya katse shi, har matarsa.

Ran Laraba ta roƙi dattawa su zauna a gida. Suka zauna, amma sai da suka ja wa yara kunne cewa duk wanda ya kunyata ƙauye a gaban baƙi zai gamu da su. Yara suka zo da fararen kayan coci, jiki na sheƙi da man kwakwa, suka harɗe ƙafa, ido a ƙasa.

"Wa ke da tambaya?" in ji Fetuao.

Yara suka ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce wa ke da tambaya! Ba zan dake ku ba."

Can Telesia, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta ɗaga hannu a hankali. "Malama, wace tambaya kike so mu yi?"

Fetuao ta kashe na'urar.

Ran Alhamis, saura kwana ɗaya, ta jingina kwamfutar da tulin littattafai, ta rubuta rabi da sulusi da rubu'i a allo. Ta fara ke nan sai ga Sauvao a bakin ƙofa da ƙaton kifi a kan ganyen ayaba, tsawonsa ya kai hannun mutum.

"Na baƙuwar cikin na'urar nan ne. Ba a sallamar baƙo hannu wofi."

"Ta ina zan tura mata kifi? Ta waya?"

"Ke kika san kan abin," ya ce, ya dire shi a kan teburinta, ya koma bakin ƙofa ya zauna.

A nan haƙurinta ya ƙare. Ta jawo addar da ake fasa kwakwa da ita. "To, tunda baƙuwa ba ta da baki, mu za mu ci. Rubu'i muke yi, ko? Kashi huɗu daidai." Ta sare kifin gida huɗu, ta ɗauki kan ta dangwarar a gaban Peniamina, yaron da ke zama a layin baya saboda barci. "Ga rubu'inka."

Ajin ya ja numfashi gaba ɗaya. A ƙauyen nan kan babban kifi na sarki ne, gefe na masu magana da yawunsa, wutsiya ta samarin da suka gasa. Ko yaron da bai iya rubuta sunansa ba ya san wannan. Peniamina ya ja da baya kamar an ajiye masa garwashi.

"Malama," in ji Telesia, ba ta ko ɗaga hannu ba, "kan na sarki ne."

Fetuao ta buɗe baki za ta ce wa ya tambaye ki. Sai idonta ya faɗa kan jan ɗigon da ke ƙiftawa a na'urar. Ta haɗiye maganar.

"Me ya sa? Rubu'i rubu'i ne. A ba sarki wutsiya."

"Ba daidai suke ba!" in ji Peniamina, wanda rabon da a ji muryarsa tun bara. "Kai duk ƙashi ne, tsakiya ta fi nama."

"Tsawonsu ɗaya."

"To a auna nauyi mana!"

Wata ta ce in sarki na samun ƙashi to cutarsa ake yi. Wani ya ce ke ba ki san daɗin idon kifi ba. Telesia ta ɗauko rular Malama, rular nan dai, ta shiga awo, tana tambayar ko rubu'in tsawo shi ne rubu'in nauyi. Sauvao ya miƙe zai yi jawabi, matarsa ta nuna masa tsinin adda, ya koma ya zauna. Na'urar ta yanke suna tsakiyar gardama, ba wanda ya lura.

Da aka tashi, ita da kanta ta naɗe kan kifin a ganye ta kai gidan sarki, ta zauna a ƙasa ta ba da haƙuri, mijinta na gefe yana ƙara wa laifin tsawo. Bidiyon kuwa haka ta tura shi, don ba lokacin sake wani.

Ran Juma'a Siniva ta kira, dariya ta hana ta magana.

"Mama, kin ci! Har za mu nuna wa sauran malamai a taron horo."

"Ki kuskura! Kina so duk tsibiri su ga kan kifin sarki a gaban Peniamina?"

"Ai sabon salo ne, Mama. Ina kika koyo shi?"

"Salon gidanku. Haushi ne."

Ajin dai ya zauna a hannunta. Ran Litinin ta shiga, ta ce a buɗe shafi na goma sha biyu.

"Malama, me ya sa ba na sha ɗaya ba?" in ji Peniamina.

Ta laluba rula a kan tebur. Ashe rular na wurin Telesia, wai tana auna ƙofa.