Kwarkwata a Shagon Kitso

Maƙwabta kan ce mai ɗinkin nan ta ƙarshen layi, ko ƙuda sai ya goge ƙafa kafin ya shiga ɗakinta. Maganar tana mata daɗi, ko da yake ba ta nunawa.

Shi ya sa da 'yarta Auta ta fara sosa ƙeya da bayan kunne, mai ɗinki ta ce amosani ne. Ta kai ta bakin taga, ta buɗe gashin. Wasu fararen abubuwa sun manne kusa da fatar kai. Ta hura, ta kaɗe, ba su faɗo ba. Ƙwan kwarkwata ne, ta kuma sani. Amma ta tsaya a kemis ta faɗi sunan abin gaban mutane? Sai ta wanke kan da sabulu, ta tura yarinyar shagon ƙanwarta mai kitso, a kama gashin tsam kada kowa ya gani.

Ranar an ɗauke wuta, shagon ya cika, mataji ɗaya ke yawo daga kai zuwa kai. Ba a jima ba mata suka fara janye 'ya'yansu. Kwarkwata ta ɓulla a kawunan yaran, magana ta zaga unguwa cewa shagon ne ke raba ta.

Da mai ɗinki ta leƙa, ta tarar benci babu kowa, ƙanwar tana jiƙa matajai a ruwan zafi.

"Yaya, kin zo kallon cinkoso? Zauna, kada a riga ki wuri."

Ta zauna a gefen bencin.

"Dama ina son zuwa wurinki," in ji ƙanwar, ta miƙo mata kwalba da mataji mai ƙananan haƙora. "Na Auta ne, ina tsoron ita ma ta ɗauka a nan. Ki shafa, ki taje, bayan mako ki sake saboda ƙwan da za su ƙyanƙyashe. Rigar filo kuma ruwan zafi. Mai kemis ya ce ba ruwanta da datti, kai mai tsabta ma tana hawa. Duk da haka kunyarki nake ji, ke da ba ki son ƙazanta."

Mai ɗinki ta daɗe tana juya kwalbar a hannu. Tururin ruwan yana tashi a tsakaninsu.

"Ba a nan ta ɗauka ba," ta ce. "Da ita ta zo. Na gani, na yi shiru, na turo miki ita. Zan bi gida-gida in faɗa wa matan da bakina. Ki yafe mini, ƙanwata."