Baba Mai Rumbu Bai Ƙara Fitowa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake babu kura a cikinta, babu zomo, wata tsohuwa ce kawai da ƙullin gyaɗa a hannu.

Fure ta sauko daga babur a ƙofar wata 'yar ƙaramar tashar talabijin mai zaman kanta a nan Kontagora, ƙafafunta sun yi tsami saboda zaman hanya tun daga Ibeto. Maigadi ya tambaye ta wa take nema. Ta ce mijinta. Ya ce a wane ofis yake? Ta ce ba ya ofis, a cikin talabijin yake, shi ne mai gina rumbu.

Sai maigadi ya miƙe daga bencinsa. "Baba Mai Rumbu? To ke ce Fure?"

Ba ta taɓa ganin mutumin nan ba, ga shi ya kira sunanta kamar tare suka tashi.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane. Shekara shida kafin wannan rana, mutanen tashar suka je Ibeto ɗaukar shirin manoma, suka tarar da Irmiya, mijin Fure, yana cura laka yana ɗora wa sabon rumbu, yana waƙar aiki da Kambarci. Minti goma sha biyu suka ɗauka. Ana tsakiyar waƙar tari ya sarƙe shi, ya waiwaya ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Fure, kawo ruwa mana, kada baƙi su ce ba kya kula da ni." Sai a ji dariyar mace, a ga hannu ya shigo da moɗa. Shi ke nan abin da aka gani na Fure, hannu ɗaya.

To tashar ba ta da shirye-shirye da yawa. In mai labarai ya makara, a sa mai rumbu. In baƙon da aka gayyata bai zo ba, a sa mai rumbu. In ana canja janareta, mai rumbu. Har ya zama duk gidan da ke da eriya a bisa gora sun san tarin Irmiya, maza kuma in suna son tsokanar matansu sai su ce, Fure, kawo ruwa.

Bayan girbin shekarar da Fure ta zo tashar, Irmiya ya kwanta kwana huɗu, ya tafi. Fure ce da kanta ta matsa wa ɗansu David ya kai sanarwar rasuwa tashar, ta ce mutumin talabijin ne, a faɗa wa waɗanda suka san shi. Aka karanta, ta ji daɗi. Da aka watse daga zaman makoki sai ta fara zuwa shagon Sunday, mai talabijin ɗin da ke aiki da hasken rana, ta zauna a kan buhu tun hantsi har la'asar. Sunday yakan kashe wa samari ƙwallo saboda ita. Mai labarai ya makara, aka sa hoton ruwa da kiɗa. Baƙo bai zo ba, hoton ruwa da kiɗa. Kwana talatin da ɗaya tana zuwa. A na talatin da biyu ta ƙulla gyaɗa ta hau babur.

Maigadi ya kai ta wurin Rauda, mai karanta sanarwa, wadda ta ba ta kujera da ruwan sanyi, ta yi mata gaisuwa. Fure ta ce ba ƙara ta kawo ba. Ta san mutanen birni sun gaji da shi. Ita dai a kunna mata sau ɗaya a ɗaki, ta ji muryarsa, ta koma. Rauda ta ce bari ta kira Malam Jinaidu, shi ke riƙe da kwamfutar da ake ajiye shirye-shirye.

Jinaidu dattijo ne siriri mai tabarau. Da ya ji ko wace ce, bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a gabanta. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso wurin. Ya ce shekara uku baya wani malami ya rasu a garin nan, ana zaman kwana uku sai tashar ta sa wani tsohon shiri, ga mamaci yana ƙyalƙyala dariya a tsakar gidansa. Matarsa ta faɗi a sume. 'Ya'yansa suka zo har nan da ɓacin rai. Da farko an ce a riƙa ware na mamata gefe guda, amma wani sabon ma'aikaci ya sake kuskure. Tun daga ranar aka kafa doka: duk sanarwar rasuwar da ta shigo, kafin Rauda ta karanta, Jinaidu ya nemo mutumin a kwamfuta ya goge shi.

"Ni na goge shi, Mama. Da hannuna. Girmama ku na yi."

Fure ta dube shi. "Ka goge kamar allo?"

"Kamar allo."

"To da David bai kawo takardar ba fa?"

Jinaidu ya cire tabarau yana shafa shi da bakin riga. "Da yana nan."

Ta tuna yadda David ya ce mata hanya ba kyau, a bari mana, ita kuma ta ce ko a ƙafa ne sai ya je.

Ai kuwa sun nema, kada ku ce ba su nema ba. Rauda ta bi ofis-ofis tana tambayar ko wani ya taɓa ɗauka a waya. Aka buga wa Mansur, wanda ya riƙe kyamara a ranar, ya bar aiki yana noma a Zugurma. Ya ce katin kyamarar an sake ɗaukar biki a kansa tun a makon. Kowa cewa yake wa zai ajiye abin da ake gani kullum?

Azahar ta wuce. Jinaidu na ta buɗe wuraren da ya san babu komai, Fure na zaune a bayansa. Ba tare da ya sani ba ya fara rera waƙar a maƙoshi, kamar yadda ya saba in yana aiki. Bai jin Kambarci ko kalma ɗaya, amma ya ji ta ta fi sau ɗari biyar. Ya ja inda Irmiya ke ja, ya tsaya inda yake tsayawa ya ɗora laka. Da ya zo wurin sai ya yi tarin, sau biyu, na biyun ya fi tsawo.

"Ga ruwan nan zuwa," in ji Fure, har ta dafa kujera za ta tashi.

Sai ta ga bango da wayoyi. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da gyale. Tun ranar da aka binne Irmiya ba ta yi kuka irin wannan ba. Rauda ta riƙe mata kafaɗa, Jinaidu ya juya musu baya.

Da ta natsu ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ai waƙar ba a nan ta ƙare ba, sun kashe injinsu saura baiti biyu, inda yake cewa wa zai ci hatsin in mai rumbu ba ya nan. Ta kwance gyaɗar ta ajiye masa a kan tebur, ya ce bai cancanta ba, ta ce ba za ta koma da ita ba. Sannan ta tambaya ko injin ɗaukar na kusa.

Suka zaunar da ita a ƙarƙashin fitilu. Kafin a kunna ta ɗaga hannu, wannan hannun da garin ya sani, ta dubi Jinaidu.

"Ɗana, in takardata ta zo, a karanta. Amma kada ka goge. Ina da 'ya, Rachel. Za ta zo."

Ta rera tun daga farko har ƙarshe. A inda tarin yake ta yi shiru, ta jira, sannan ta ci gaba.

Fure ta koma Ibeto da yamma, ta ƙara damina biyu ta bi mijinta. David ya kawo takarda, Rauda ta karanta. Jinaidu bai goge ba, ya sha faɗa a wurin manaja, yana nan yana aikinsa. Rachel takan zauna a kan buhu a shagon Sunday in mai labarai ya makara. Rumbun kuwa ya rushe a daminar bara, Irmiya kuma ba wanda ya sake jin muryarsa.