Kujera Ɗari da Ashirin a Furfuri

Shekarata uku ina karatun kasuwanci a jami'a a Gusau, amma mahaifina bai san takamaiman abin da nake karantawa ba. Ba don ban gaya masa ba. Ranar da na ce masa fannin da na zaɓa shi ne tsara taro da gudanar da ayyuka, yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Ya ɗago ya dube ni.

"Taro? Irin wanda akan yi in an haihu ko an mutu? Shi na sai an tahi jami'a an koyo?"

Maganar ta fita gari, mutanen garinmu Furfuri suka sa mini suna Mai Kujeru. A aji kuma Sarkin Noma ake ce mini, saboda duk misalin da zan kawo sai gona ta shigo ciki, ga faso a dugadugaina da ya ƙi jin man shafawa. Nan a yi dariya, can a yi dariya. Na koyi cin abincina ni kaɗai a bayan ɗakin karatu, kuma ba zan ce abin bai dame ni ba.

Gidanmu ma ba wani cika ya yi ba. Inna ta rasu tun ina sakandare, ƙanwata Luba tana aure a 'Yankuzo, sai Baba da yayarsa Gwaggo Uwani mai yi masa tuwo. Gonarmu ta nesa mun bar ta saboda rashin tsaro, saura ta bayan gari. Kafin in tafi jami'a, ni da Baba muke shuka ta. Shi yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye da ƙoryar iri, in jefa gero a rami in rufe da diddige.

A zango na biyu na aji uku, malamarmu, Malama Lidiya, ta ce kowa zai shirya taro na gaske, ita kuma za ta zo da ƙafarta ta gani ta ba da maki. Mahadi, wani ɗan Tsafe mai baki kamar rediyo, ya zaɓi gasar ƙwallo. Wasu suka zaɓi bajekolin turare da atamfa a manyan ɗakunan taro na Gusau. Ni na ce zan tara manoman garinmu a koya musu yadda ake adana hatsi ƙwari ba su ci ba.

Haka na rubuta a takarda. Gaskiyar magana ba ƙwari ne a gabana ba. So nake Baba ya zauna a kujerar gaba, ya ga mutum ɗari sun taru sun watse ba a yi hayaniya ba, ya ji an ce ɗansa ne ya tsara. Sau ɗaya tak.

Mako shida na yi ina shiri. Na zana jadawalin aiki a babban kwali na manna a bangon ɗakina, kuma a layin da ake rubuta wanda zai yi kowane aiki, sunana ne daga sama har ƙasa. Na nemi izinin mai gari. Hedimasta ya ba ni filin firamare. Na roƙi wani malamin gona, Malam Khalid, ya zo ya yi jawabi. Na jera abubuwa goma sha ɗaya da za su iya ɓata taro, kowanne da maganinsa, kamar yadda aka koya mana. Na huɗu shi ne ruwan sama. A gabansa na rubuta: rumfa biyu, da makullin aji idan ya yi ƙarfi.

Da na kai wa Baba katin gayyata, ya jujjuya shi, don ba ya karanta boko.

"Wace rana ta?"

"Asabar ta farko a watan shida."

Ya leƙa ƙofar zaure ya daɗe yana kallon sama. "Ka ko dubi gabas kwanan nan?"

"Baba, na yi tanadin ruwa. Akwai rumfa."

"To," ya ce. "Rumfa." Ya sa katin a aljihu. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuciyata tsohon nan ba zai taɓa yarda na iya komai ba.

Ranar Juma'a ruwa ya kwana yana zuba, na farko mai ƙarfi a shekarar. Da na tashi da asuba a Gusau na ga gari ya yi wasai, ƙasa tana ƙamshi, sai na yi hamdala. Na ce Allah ya yayyafa mini fili, ya kuma ɗauke ruwansa kafin lokaci. Na sa shaddata ta Sallah, na hau gaban a-kori-kurar da ta ɗauko kujeru.

A hanya muka riƙa wuce mutane suna fita daga gari, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙorai a ka. Wallahi na gan su. Har hannu na ɗaga musu. Ni da aka yanke wa cibiya a garin nan, na dube su na ce a raina sun yi sammako, za su dawo kafin ƙarfe goma.

Ban biya gida ba, kai tsaye na wuce filin. Na jera kujera ɗari da ashirin, layi goma, na bar hanya a tsakiya. A kujerar farko ta hannun dama na manna takarda da sunan Baba, Malam Usman, na rubuta da ajami don ya karanta da kansa. Na tayar da janareta, na ɗauki lasifika na ce, "Assalamu alaikum, ana ji na?" Muryata ta bugi bangon aji ta dawo mini. Wasu awaki biyu suka ɗago kai, suka ci gaba da kiwonsu.

Goma ta yi. Goma da kwata na kira Malam Khalid.

"Yau hwa?" ya ce, yana haki. "Lukuman, ina gonata Ruwan Bore. Ruwan shuka ya sauka, wa ka zama ƙarƙashin rumfa yau?"

Na tsaya da waya a kunne bayan ya kashe. Na san wannan tun ban iya ɗaura wando ba. Idan ruwan shuka ya sauka, laimar kwana ɗaya ce ko biyu, wanda ya bari ta wuce sai ya jira wani ruwan, wataƙila mako biyu. Ni na zauna ina tunanin yadda ruwa zai jiƙa wa baƙi riguna.

Malama Lidiya ta iso goma da rabi, motarta duk taɓo. Ta dubi kujerun, ta zauna a layi na biyu, ta karɓi takarduna ta karanta a tsanake.

"Tsarinka ya fi na kowa a ajin," ta ce. "Wa ka tambaya kafin ka sa ranar?"

"Ba kowa."

"Ba wanda ya ce maka komai?"

Na tuna Baba a ƙofar zaure yana kallon sama. Ta rufe takardun.

"Iyayena manoma ne. Tun da na ji ruwan jiya na san abin da zan tarar. Na zo ne don kada ka zauna kai kaɗai." Ta miƙe. "Za ka sake bayan noman farko, kuma makinka zai ragu. Wannan karon ka fara da tambaya."

Bayan ta tafi na kashe janareta. Na cire takardar da ke kujerar Baba na ninke, na kama hanyar bayan gari, takalmina yana nutsewa a laka.

Kowace gona da na wuce mutum biyu ne ko uku, mai sara a gaba, masu iri a baya. A tamu mutum ɗaya ne. Baba ya sare layi har ƙarshe, ya jingine sungumi, ya tako ya dawo farko, ya ɗauki ƙorya, ya sake bin layin yana jefa iri. Ramukan da ke can gaba har bakinsu ya fara bushewa. Damina uku ke nan, ban taɓa tambayar wa yake bin bayansa ba.

Ya gan ni, ya dubi shaddata, ya dubi takalmin.

"An watse?"

"Ba a taru ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da katina, naɗe cikin leda don kada zufa ta ɓata shi.

"Tun shekaranjiya Uwani ta wanke min riga. Na so in zo." Ya mayar da katin. "Mutum nawa ka aje ma kujera?"

"Ɗari da ashirin."

"Da yawa," ya ce. "Ni mutum guda ni ka jira tun asuba."

Na cire takalmi na ajiye a kan kunya, na naɗe ƙafar wando, na karɓi ƙoryar daga hannunsa. Ya ɗauki sungumi ya shiga gaba.