Hannun Baba

Jarrabawar da Auta ke shirin yi ba ta haddar sunan ciwo da magani ba ce, wannan ta baro shi a makaranta. Ta hankali ce da amana. Kafin asibitin koyarwa ya ɗauki sabon likita aiki, sai a ba shi labarin wata matsala, a jero masa matakai, a ce ya faɗi wanda za a fara da shi da wanda zai biyo baya. Wa kuwa ya fi dacewa ya yi mata bita in ba Baba ba, likitan tiyatar da rabin likitocin asibitin a hannunsa suka koyi riƙe wuƙa?

Kullum da yamma suke zama a teburin cin abinci, ya ɗora tabarau a kan hanci, yana karantowa tana amsawa. In ta yi kuskure ya ce ai kan mamanta ta gado, Mama daga kicin ta ce tana jin su.

Auta takan yi dariya, amma ta fatar baki. Ta daɗe da lura Baba ya daina ɗora kofin shayi a kan faranti don kada ya yi ƙara. Ya daina sa riga mai maɓalli. Takardar tambayoyin ma ba ya ɗaga ta, shimfiɗa ta yake a tebur ya danne da tafin hannu. A asibitin, inda ita ma take horon sanin makamar aiki, kowa ya gani, kowa ya yi gum. Babbar nas ta ɗakin tiyata har ta koyi miƙa masa almakashi tana kawar da kai. Wa zai ce wa zaki bakinsa na wari?

Ran nan ya karanto wata tambaya: babban likita ne a sashenku, hannunsa ya fara rawa, gobe kuma yana da aiki. Muryarsa ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce da farko za ta same shi shi kaɗai, ta faɗa masa cikin ladabi. In ya ƙi ji, ta sanar da shugaban sashe kafin a kwantar da mara lafiya. Mafi muni shi ne yin shiru. Baba ya ce daidai ne, ya kai hannu zai juya shafi, takardar ta ƙi kamuwa.

"Baba," in ji ta, "ga mu mu kaɗai. Hannunka."

Ya cire tabarau a hankali. Ya ce gajiya ce, da zarar ya shiga ɗakin tiyata hannun ke natsuwa, kuma yana wannan aiki tun ba a haife ta ba. Ta tuna masa matar da ke gadon bakin taga, wadda zai buɗe wa wuya da safe, wurin da kuskure kaɗan ke raba mutum da muryarsa ko da ransa.

"Ki yi karatunki, Auta. Wannan takarda ce kawai."

Da safe ta bi ta gaban gadon bakin taga. Matar ta yi mata murmushi, ta ce ita hankalinta kwance yake tunda babban likita ne zai yi mata. Auta ta shiga ofishin shugaban sashe, ta faɗa masa halin da hannun Baba ke ciki. Shi ma ɗalibin Baba ne. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai: ashe duk jira suke wani ya faɗa, suka bar wa 'yarsa.

Wani likita ya yi aikin. Kafin rana ta take Baba ya dawo gida, farar rigarsa a ninke cikin leda. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Yamma ta riƙa yi teburin babu kowa, Mama ma ta daina magana daga kicin.

Auta ta ci jarrabawar, aka ɗauke ta. Ta sami Baba zaune a falo, hannuwansa a ɓoye tsakanin gwiwoyi, ta durƙusa ta faɗa masa. Ya dube ta kamar yadda yake duban baƙi a asibiti.

"Ina taya ki murna, Likita," ya ce.

Bai ƙara kiranta Auta ba.